Dutse Bai Cire Hula Ba

Allin ya karye a hannun Osla daidai tana rubuta takwas. Ta yi tsaki, ta sunkuya ta ɗauki guntun da ya fi tsawo, ta ƙarasa. Abin da rediyo ya faɗa da ƙarfe shida shi take juyewa a allon tasha kowace safiya, ba ragi ba ƙari: iska daga kudu maso yamma, ƙarfinta huɗu, za ta hau zuwa takwas kafin tsakar rana, teku zai tashi, ruwan sama daga baya. Ta ja layi a ƙasa, ta rubuta da manyan baƙaƙe: BA ZA A JE BA.

Da ta juya ta dubi tekun sai haushi ya kama ta. Kwance yake lif, ko motsi ba ya yi, sai ka ce da gangan.

"Yaya, kin dai ga ruwan nan?" in ji ƙanenta Ertie daga bakin ɗakin inji, yana goge hannu da tsumma. "Wallahi shayin da na sha ɗazu ya fi shi igiya."

"Na gani. Kai ba ka ji rediyo ba ne?"

"Na ji mana. Faɗa kawai na yi."

Ya koma ciki yana jan ƙafarsa ta hagu, ita kuma ta kawar da kai, kamar yadda take yi duk lokacin da ya juya mata baya.

Jirgi ɗaya tal gare mu a tsibirin Norsay. Shi ke ɗauko wasiƙu da gari da mai, shi ke kai mai ciwon haƙori da mai zuwa biki, kuma shekara goma sha huɗu ke nan Osla ke riƙe da sitiyarinsa, tun rasuwar mahaifinta. Ba ya kwana a ruwa. Tasharmu a buɗe take, iska ɗaya ta isa ta farfasa shi a jikin duwatsu, shi ya sa yana dawowa ake jawo shi tudu da inji a kan keken ƙarfe. Sauke shi rabin awa ne. Tsallakawa zuwa babban tsibiri awa biyu, daga can mota ta ƙara rabin awa kafin birni. Ranar Talata ce, ranar tafiya, da ƙarfe takwas ya kamata a tashi.

Bakwai da rabi sai ga tsoho Lowrie yana gangarowa da jaka a hannu. Zuwansa ba abin mamaki ba ne. Matarsa Baabie mako uku ke nan tana kwance a asibitin birni da ciwon zuciya, kuma kowace Talata yana bin jirgi ya je ya duba ta. Amma kullum da rigar sanyinsa ta aiki yake zuwa, mai faci a gwiwar hannu. Yau baƙin kwat ne a jikinsa, wanda ba ya fitowa sai ranar ɗaurin aure ko jana'iza, takalminsa kuma an goge har yana ɗaukar ido. Osla ta gani, gabanta ya faɗi, ta yi maza ta mayar da idonta kan allo.

"Kyaftin, an tashi lafiya?" ya ce. Tun tana 'yar shekara shida tana rarrafe a ƙarƙashin sitiyarin babanta yake kiranta haka, don shekara talatin ya yi yana aiki a jirgin nan. "Me akwatin naki ya ce yau?"

"Ga shi nan a allo, Baba Lowrie. Ko tabarau ka manta?"

Ya matso ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, har ya kai layin ƙasa. Ya daɗe a kan layin nan fiye da yadda kalma biyar ke buƙata.

To, mu a Norsay akwai abin da ba a yi: ba a roƙon mai jirgi. In ya rubuta ba za a je ba, magana ta ƙare. Fasinja ba ya faɗar abin da zai kai shi, mai jirgi kuma ba ya tambaya. Tun zamanin kakanni ne, wani ya tsaya a tashar nan yana kuka yana roƙo a je a ɗauko wa ɗansa likita. Maza shida suka tausaya masa suka fita, ko ɗaya bai dawo ba, shi kuma ya yi shekara arba'in yana haɗuwa da matansu a hanyar coci. Daga ranar aka cire buƙatar mutum daga lissafin mai jirgi. Abu ɗaya aka bar mana, zancen yanayi. Wannan kam kana iya tsayawa ka yi awa guda kana yi, ba wanda zai ce ka yi laifi. Shi ya sa baƙo in ya ji mu muna ta maganar iska sai ya ɗauka ba mu da abin faɗa ne, bai san rabin abin da ke cinmu a nan muke zuba shi ba.

"Takwas," Lowrie ya ce, ya girgiza kai. "Wanda ya faɗi haka yana can zaune a ɗaki mai ɗumi, ƙafarsa ba ta taɓa jiƙa da ruwan gishiri ba. Ke dubi Dutse."

Ba sai ta duba ba, ta riga ta gani tun da asuba. Babban dutsen da ke bayan gari gajimare ya zauna masa a ka daram, fari, ko wutsiya bai ja ba. Shi ne ma ya rufe filin saukar ƙaramin jirgin sama, tun jiya aka ce ba zai zo ba.

"Bai cire hula ba," Lowrie ya ce. "Iskar kudu maso yamma ba ta taɓa shigo mana Dutse na sanye da hula. Sai ya cire tukuna, daga nan a ƙirga awa huɗu. Ban ce ba ta zuwa ba, 'yar nan, tana zuwa, ƙashina ma ya faɗa mini. Amma sai yamma. Da babanki ne da yanzu muna ruwa."

Wannan maganar ta babanta ita ta sosa mata rai, ta kuma faɗi abin da har yau take cizon yatsa a kansa.

"Ran nan ma ai hular tana kansa."

Tsoho ya sauke idonsa daga kan Dutse. A ɗakin inji ƙarar guduma ta tsaya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ne. Rediyo ya ce takwas, Lowrie ya ce hula, Osla kuma tana ganin ƙuruciya da ƙarfin hali a hannunta, ta bi maganar hula. Sun je lafiya. A dawowa, suna hango gidajen gari, wata igiya ta taso musu ta gefe ba sallama, ta tsinke ɗaurin wata gangar mai, gangar ta matse Ertie a jikin ƙarfe. Lowrie ne ya rungume shi awa guda a ƙasan jirgi yana masa waƙar yara don kada ya suma. Ƙugun bai ƙara daidaita ba. Tun ranar Osla ta yi wa kanta doka: in rediyo ya ce takwas, ko teku ya zama madara, jirgi na kan kekensa.

"Haka ne," Lowrie ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ran nan ma tana kansa."

Sauran fasinjoji biyu da suka zo suka karanta allo, suka yi 'yar dariya a kan kyawun rana, suka koma gida kamar yadda kowa ke yi. Shi kuwa sai ya nemi bencin da ke jikin bangon rumfa, ya ciro hankici ya share, ya zauna, ya ajiye jakar tsakanin ƙafafunsa.

Ƙarfe takwas ta yi ta wuce. Osla ta nemo wa kanta aikin da babu shi. Ta warware igiyar da ke naɗe lafiya lau ta sake naɗewa. Ta duba man da Ertie ya riga ya duba. Ta shiga rumfa ta ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin iska da ke rataye a bango, allurar ta ɗan zame ƙasa kaɗan, ta ji daɗi har ta ji kunyar jin daɗin. Duk lokacin da ta fito yana nan, hannuwansa a kan gwiwa, idonsa a kan ruwa. Tsuntsaye na ta iyo a bakin tasha hankali kwance.

Ƙarfe tara ta haɗa shayi ta kai masa, da madara da sukari cokali uku yadda yake so. Bakin jakar a buɗe yake, ta hango zaren ulu shuɗi da ruwan toka da alluran saƙa a soke. Duk wanda aka haifa a Norsay ya taɓa saka saƙar Baabie. Rigar da ke jikin Osla a lokacin ma ita ta saƙa mata.

"Saƙarta ce," ya ce, da ya ga inda take kallo. "Saura hannun riga ɗaya. Ta ce zaman banza ya ishe ta, ma'aikatan jinya kuma ba su iya hira ba."

Kowace Talata Osla takan ce, yaya jikin Inna Baabie? Wannan gaisuwa ce kawai, ba ta shiga cikin abin da aka hana ba. Yau ta buɗe baki, kalmar ta zo har kan harshe, ta dubi kwat ɗin, ta haɗiye. Tsoron amsar take ji, gaskiyar ke nan, kuma ta san tsoron take ji.

"Shayin ya yi?" abin da ta ce ke nan.

"Ya yi, Kyaftin. Madalla."

Goma saura kaɗan Mima mai kanti ta gangaro da buhun wasiƙu, alhali ta san ba tafiya. Ajinsu ɗaya da Osla a makaranta, kuma tun can bakinta ba ya riƙe magana. Ta gaishe da Lowrie, ta ja Osla ta hannun riga zuwa cikin rumfa, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ni ba fasinja ba ce, kuma ba roƙonki na zo yi ba, kada ki harare ni. Labari na kawo."

"Mima, kada ki fara."

"Tun da asuba ya buga mini ƙofa ya ba ni makullin gidansa, wai in riƙa ba kare da kaji abinci. Asibiti sun kira shi ƙarfe biyar. Sun ce in zai zo ya zo yau, kuma ya zo da wuri."

Osla ta dafa tebur. Abin da ta sani ne tun bakwai da rabi, amma sanin da ba a furta ba daban yake da wanda aka ajiye maka a gabanka.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin ɗauko kin ɗora mini a ka."

"Na sani. Ki zage ni gobe, ina kanti. Shekara hamsin da biyu suna tare, Osla. Haba! Ke dubi ruwan nan, ko ni sai in tuƙa shi da cokali."

"Ruwan da kike gani a nan ba shi ne na tsakiya ba."

"To, ni dai na faɗa," Mima ta ce, ta jefar da buhun a lungu ta fita, idonta ya yi ja.

Osla ta ciro wayarta ta buɗe taswirar iska. Ga jan launin da ke nuna iska mai ƙarfi yana tahowa daga yamma, faɗinsa ya fi ƙasarmu. Wani shafi ya ce zai iso sha ɗaya, wani ya ce uku na yamma, ka rasa wanda za ka kama. Ta kira masu tsaron gaɓar teku. Wata murya mai ladabi ta sake karanta mata abin da ke rubuce a allonta, ta ce sabon bayani sai sha biyu. Ta yi godiya ta ajiye.

Ta tarar da Ertie zaune a kan akwatin kayan aiki. Bangon katako ne tsakaninsu da rumfa, ya ji komai.

"Ni ban ce komai ba, Yaya," ya riga ta. "Kika ce a sauke, yanzu na kunna inji. Kika ce a bari, an bari."

"In ta same mu a tsakiya fa? A mahaɗar ruwa, da tsoho ɗan shekara saba'in da takwas?"

"Da gurgu," ya ƙarasa mata yana murmushi. "Faɗa mana, ai ba zagi ba ne. Amma kada ki sa ƙafata a ciki, don Allah. Ta ishe ni ɗauka ni kaɗai, ba sai kin taya ni ba."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Hannunta har ya ɗaga zai nuna injin. In aka fara saukewa yanzu, goma da rabi suna ruwa, sha biyu da rabi suna can. Amma sha biyu, lokacin da rediyo ya ce iska za ta kai takwas, zai riske su ba tudu a gaba ba tudu a baya. Ta ji ƙarar gangar nan a kunnenta kamar jiya aka yi. Hannun ya sauko.

"Mu ji na sha biyu," ta ce. "Awa biyu ne kawai."

Ba ta taɓa ganin awa biyu masu tsawon waɗannan ba. Ba ta iya fita ta wuce ta gaban bencin ba, sai ta zauna a rumfa tana leƙen bayan kansa ta taga. Kash, da ma iskar ta zo! Wallahi har addu'a ta yi ta zo, ta kaɗa kwanon rumfar, ta watsa ruwa a kan tasha, don ta samu abin da za ta nuna masa. Ba ta zo ba. Rana ma ta ɗan leƙo ta haska ruwan, Dutse na nan da hularsa.

Sha biyu daidai mai karanta hasashe ya fara jero yankunan teku da muryarsa ta kullum, wadda ba ta sauri don kowa. Da ya iso namu ya ce iskar ta yi jinkiri a hanya, huɗu ce zuwa biyar har yamma, takwas ba kafin ƙarfe shida ba.

Kujerar ta kife a bayanta. "Ertie! Sauke!"

Ko allon ba ta tsaya gyarawa ba. Inji ya yi tari ya kama, keken ƙarfe ya fara gangarawa a hankalinsa, don ba ya sanin gaggawa. Lowrie ya miƙe, ya tuɓe kwat ya ninke a kan jaka, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kama igiyar gaba kamar jiya ya bar aiki. Bai ce ai na faɗa ba. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi. Sha biyu da rabi suka bar tasha.

Ta ba jirgin wuta iyakar abin da zai iya. Lowrie ya tsaya a hagunta cikin ɗakin tuƙi, inda ya saba tsayawa zamanin babanta, kuma tunda ƙafarsa ta hau ruwa sai bakinsa ya buɗe.

"Kin san a jirgin nan na fara ganinta? Ba wannan ba, na katakon da ya riga shi. An turo ta koyarwa. Tun daga can har nan kanta na cikin bokiti, ni ke riƙe mata. Tana sauka ta ce da babanki, malam, yaushe jirgi zai koma? Ka ajiye mini wuri, ni ba zan zauna a kan wannan dutsen ba."

"Sai aka yi yaya?" Osla ta tambaya, ko da yake ta ji labarin ya fi sau ashirin.

"Sai iska ta rufe mu kwana goma sha tara! Ran da ta buɗe na je na ce, malama, ga wurinki an ajiye. Ta ce wa ya aike ka?" Ya yi dariya har da tari. "Ni iska ce ta yi mini aure, 'yar nan. Ba ni da bakin zaginta."

Sun wuce mahaɗar ruwa, inda igiyoyi biyu ke karo, ko kofin da ke kan tebur bai motsa ba. Ɗaya da rabi rediyon jirgi ya yi ƙara, muryar Mima ta fito daga kanti, siririya, ba irin tata ba.

"Osla, kina jina? Ke kaɗai ce a wurin?"

Osla ta kasa miƙa hannu. Lowrie ne ya ɗauki abin maganar, ya danna da babban yatsa yadda ya saba.

"Ina nan, Mima. Faɗa kawai."

Rediyo ya yi shuuu. Sannan ta ce asibiti sun kira gidansa ba a ɗauka ba, suka kira kanti. Baabie ta cika ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Ba ta sha wuya ba. Wata ma'aikaciyar jinya na riƙe da hannunta.

"Ta yi magana?" ya ce.

"Sun ce wajen sha ɗaya ta tambaya ko jirgi ya taso. Suka ce ba su sani ba. Ta ce a duba mata ta taga ko akwai iska."

"To. Na gode, Mima. Kada ki manta da kajin."

Ya mayar da abin maganar mazauninsa, ya gyara igiyarsa da ta murɗe. Hannun Osla ya ja wuta baya ba tare da ta sani ba, jirgin ya sassauta.

"Kada ki rage," ya ce. "Ci gaba. Ai dai sai na je."

Ta mayar da wutar. Hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa, ta bar su. Kanta kuwa ya shiga lissafin da ba ta sa shi ba. Da an tashi takwas, goma da rabi yana bakin gadonta, kusan awa uku suna tare. Wannan tana iya jingina shi ga rediyo, ga doka, ga kakanni. Amma da ta ce a sauke da ƙarfe goma, lokacin da hannunta ya ɗaga, ƙarfe ɗaya yana asibiti. Minti ashirin. Ta juya lissafin ta kowace fuska, minti ashirin ɗin nan suna nan, kuma ba wanda ya hana shi su sai ita.

Lowrie ya fita baya ya tsaya kusa da Ertie. Ta gan su ta gilashi, Ertie ya cire hularsa ya riƙe. Can tsoho ya leƙo.

"Dutse ya cire," ya ce, da muryar aiki. "Awa huɗu gare ki. Kina sauke ni ki juya, kada ki tsaya jiran kaya."

Ta waiga. Norsay ya yi ƙanƙane a bayansu, kan Dutse fes, gajimaren ya ja doguwar wutsiya ya nufi arewa.

Biyu da rabi suka ɗaure a tashar babban tsibiri. Motar hayar da Mima ta kira tana jira. Lowrie ya mayar da kwat ɗinsa, ya ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya hau matakala. Osla ta bi shi da jakar. A sama ta tsaya a gabansa, ta kasa kallon fuskarsa, sai takalman nan da ruwan gishiri ya riga ya ɓata.

"Baba Lowrie, na sani. Tun ƙarfe goma Mima ta gaya mini. Na sani, na zauna."

"Na ga shigarta," ya ce. "Na kuma ga fitarta."

"Me ya sa ba ka ce mini komai ba? Kalma ɗaya! Wallahi da ka buɗe baki da na sauke."

"Na san da kin sauke. Shi ya sa." Ya dubi Ertie da ke can ƙasa yana riƙe da igiya, ƙafa ɗaya a karkace. "Na taɓa sa ki sau ɗaya."

Ta miƙa masa jakar. Ya kai hannu, ya ga zaren, ya janye.

"Mayar mini da ita gida. Ba abin da zan yi da ita a can."

Direba ya buɗe masa ƙofa. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya tsaya ya juyo, kamar wanda ya tuna saƙo.

"In an gama takardu, ran Juma'a za mu kawo ta gida, a jirginki. Ki saurari akwatin naki da safe, Kyaftin. In ya ce takwas, kada ki sauke." Ba da gatse ya faɗa ba, ko kaɗan, ta nemi gatsen a fuskarsa ta rasa. "Yanzu ba ta sauri."

Motar ta hau tudu ta ɓace. Osla na tsaye rungume da jakar saƙa, sai da Ertie ya kira ta sau uku kafin ta sauko ta kwance igiya.